Ranar da surukata ta kwaso tamostat a kunu

Tun da hunturun bana ya kama, allurar zafin motata ta daina tashi. Sai in bar gida in isa har ofis tana kwance ƙasa, hita na hura iska mai sanyi, mai kuwa yana tafiya ba sallama. Da safe na tayar da injin na dafa tiyon sama na lagireto. Ka'ida ita ce ya zauna da sanyinsa har sai injin ya yi zafi, sannan ya ɗau zafi farat ɗaya. Nawa tun da wuri ya fara ɗumi a hankali, alamar tamostat ya maƙale a buɗe, ruwa na ta zagayawa lagireto yana hucewa.

Baba maigadi yana tsaye a kaina da butarsa. "Alhaji, mura ce. Ka riƙa lulluɓa mata bargo da daddare." Na ce injin ba ya mura. Ya ce to in zuba citta a lagireto, ko jaki aka ba citta sai ya yi gumi. Bakaniken layinmu kuma ya ce in cire tamostat ɗin in yar, na ƙasar ƙanƙara ne. Shawarar da ke sa injin shan mai da saurin cinyewa ke nan, amma ya faɗe ta da tabbacin likita.

Na kwance tamostat ɗin. Ɗan ƙarfe ne mai sifirin, an buga 82 a jikinsa: a digiri 82 kakin da ke cikinsa yake narkewa ya kumbura, ya tura ƙofar ta buɗe. Gwajinsa a ruwan zafi ake yi. Na ɗaura masa baƙin zare, na leƙa kicin, ga tukunya a kan wuta ba kowa. Na zura shi, waya ta yi ƙara, na fita.

Ruwan kunun surukata ne. Hajiya ta zo mana kwana biyu.

Da na dawo, har ta dama. Ta sa ludayi, ya ce ƙwas. Ta sake sawa, ta ɗago. Ga tamostat zaune a ludayi, kunu na ɗiga daga sifirin, baƙin zare na reto. Ba ta yi ihu ba, da ma ta yi. Sai ta ce, "Inna lillahi," a hankali, ta dubi ƙarfen, ta dubi zaren, ta dubi 'yarta, sannan ta dube ni. Ni da ban taɓa haɗa ido da ita ba tun ranar ɗaurin aure. Na durƙusa, na ce, "Hajiya, na mota ne." Ta ce, "Motar ce ke shan kunu?"

Har yanzu wannan ƙwas ɗin nake ji in na kwanta. Ludayin yana ɗagowa sannu sannu, ni kuma ina bakin ƙofa da sifana a hannu, ba gaba ba baya. Na fara bayanin kaki da digiri, ta ce da uwargida, "Kin ji, har da kaki. Har da lamba." Baba maigadi ya leƙo ta taga ya ba da shaida: shi dai citta ya ce, bai ce a dafa ƙarfe ba.

An zubar da kunu, an yi wa tukunya ritaya, tunda ruwan lagireto guba ne. Hajiya ta tofa addu'a a kusurwoyin kicin. Da na kai wa mai sayar da kayan gyara tamostat ɗin, ya juya shi ya ce, "Ai wannan ko a sanyi a buɗe yake, ido kaɗai ya isa. Wa ya ce ka dafa?"

Sabo na sa, allura ta koma tsakiya. Hajiya kuwa da fulas ɗin kununta take zuwa yanzu.