Cututtuka Huɗu na Ɗan Tsalle da Magungunansu

Wasan tsalle-tsalle wasan kwamfuta ne da ɗan wasa ke gudu yana tsallake ramuka daga tudu zuwa tudu. Kamfanin Nintendo ne ya ɗaukaka shi da Donkey Kong a 1981 da Super Mario Bros. a 1985. A Wudil, garin Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote, ɗalibin kwamfuta kan so ya fara da irinsa, bisa zaton tsalle ba wuya tunda ko akuya na yi. Daga nan ɗan wasan nasa kan kamu da cututtuka huɗu.

Ta farko tashi sama. An umarce shi ya yi tsalle da zarar an danna maɓalli, ba a ce sai ƙafarsa na ƙasa ba. Sai ya yi ta taka iska har ya fice ta saman allo ko sallama babu. Maganinta a tabbatar ya taɓa ƙasa kafin a ba shi izini.

Ta biyu kurumta. A manhajar Unity, sashen FixedUpdate kan gudana sau 50 a daƙiƙa, hoto kuwa da nasa saurin yake sabuntuwa. In aka ɗora sauraron maɓalli a FixedUpdate, wani dannin yakan wuce ba a ji ba. Mai shi ya ƙara ƙarfin yatsa, ya tsine wa wanda ya sayar masa da kwamfutar. A karɓi dannin a sashen Update mai tafiya da saurin hoto, a ajiye, a aiwatar a FixedUpdate.

Ta uku nutso. A manhajar Pygame lambar tsaye zuwa ƙasa take ƙaruwa. Wanda ya manta alamar ragewa, ɗan wasansa zai daka tsalle ya shige ƙasa da ransa.

Ta huɗu gudun hauka. In an ɗaure tafiya da adadin hotuna, wanda ke takawa a natse a tsohuwar kwamfuta mai hoto 30 a daƙiƙa zai ninka gudu sau huɗu a mai 120, kamar sa ya tsinke igiya a kasuwar shanu ranar Juma'a, galibi kuma a gaban malami. A ninka gudun da lokacin da ya shuɗe tsakanin hoto da hoto.

Ƙa'idar bincike ɗaya ce: ɗan wasa bai taɓa saɓa umarni ba, abin da aka rubuta yake yi. A sauya layi ɗaya, a gwada, a adana aiki kafin a ɗauke wuta.