Hula Ɗaya, Kai Arba'in

Mu Hausawan Jazira da bakin Nil Azrak a Sudan, in kana son ganin dattawanmu sun ajiye girma a gida, ka zo ranar takhrij, ranar da ɗanmu ko 'yarmu ta gama jami'a aka ɗora mata baƙar hular nan mai kusurwa huɗu da tuntu yana lilo, kamar an kifa mata allo a ka. Katin gayyata na mutum kaɗan ne, mu kuwa mota guda muke cikawa mu nufi Madani, inda Jami'ar Jazira take tun 1975, da goggo da kawu da maƙwabciyar da ta yi goyon yaron, har da wanda ya taɓa ara wa uban kuɗin rajista. Bikin farar kaza ne, balbela ba gayya.

Kakanninmu fa a ƙasa suka tako daga ƙasar Sakkwato don kada su zauna ƙarƙashin Nasara. An kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja sauran jama'a gabas har suka sauka kusa da Sinnar, garin ya ci sunansa. Hular da jikokinsu ke wa guɗa yau daga tufafin malaman coci na Turai ta samo asali, jami'o'in Ingila irin su Okasfod suka riƙe ta, ta bazu duk inda aka yi boko a tsarinsu. Ka tuna wa tsoho wannan tarihi, zai ce maka shi ilimin yake wa murna, kuma gaskiya ya faɗa. Yana gama faɗa zai ce, "Kai yaro, miƙo min hular nan a ɗauke ni hoto."

Daga nan ake fara zagaye. Baba ba ya cire rawaninsa don kowa, saboda haka a bisa rawanin ake ɗora ta, ya dafe da hannu ɗaya. Inna ta aza ta kan mayafi ta karkace, tuntu na shiga mata ido, tana kukan daɗi. Kaka da ba ta taɓa zama aji ba ita ta fi kowa daɗewa da ita, wa zai ce mata ta cire, ita da ta sayar da godo-godo da gyaɗa shekara da shekaru aka sayi littattafai? Mai hular kuwa yana gefe kai ba komai, hannu da lallen da aka sa masa daren jiya, yana ɗaukar mutane hoto. Ni a wurina daidai ne, hannu ɗaya bai ɗauki wannan jinkar ba.

Yanzu har 'yan rauda, yaran da ba su gama yarda haƙoran nono ba, muna sa musu riga da hula, mu yi hayar kujeru. Ɗan da ya sauke Alƙur'ani a halwa ba shi da hular kusurwa huɗu, allon zayyana ya riƙe, amma shi muke yanka wa rago. Wanda ya karanci noma kuma daga ranar ya zama "dakta", tsofaffi su zo masa da ciwon gwiwa, washegari Baba ya tashe shi zuwa hawasha, wato gona, duba ruwa.

Sojojin ruwan Amurka da suka gama makaranta a 1912 ake cewa su suka fara jefa hula sama. Mu ba ma jefawa, ta haya ce, kuma kayan aro ba ya rufe katara. Da yamma a mai da ita shago da ɗigon man agashe a kusurwa, tuntu ya ɓace, ana zargin wani ƙaramin jika, kawu biyu suna gardamar wanda zai biya.