Masu Sansanar Ƙauri a Faransa

Akwai wasu bayin Allah a Faransa da aka jarraba da hanci. In aka zuba wa ɗayansu wuski a ɗan kofi mai tsukakken baki, ba ya gaggawar sha. Zai ɗaga kofin ya duba a haske, ya juya shi, ya cusa hanci, ya lumshe ido, sannan ya yi gyaran murya ya ce yana jin iskar teku, da ɗanyen tuffa, da tsohuwar jakar fata. Na kusa da shi, don kada a ce hancinsa ya toshe, sai ya ƙara da jiƙaƙƙen dutse. Yaushe ya taɓa lasar dutse? Oho.

Da can Faransawa sayen wuski kawai suke yi, musamman daga Sikotlan, har suna cikin manyan masu shanta a duniya. A 1998 kamfanin Warenghem na garin Lannion, a yankin Bretagne, ya fito da tasa mai suna Armorik. Doka ta ce sai ta shekara 3 a gangar katako, kuma ƙarfin barasar ya kai kashi 40 cikin ɗari, kafin ta ci sunan wuski.

Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne hayaƙin. Ruɓaɓɓiyar ciyawar fadama ce, wadda ta yi shekaru aru-aru tana danƙarewa, ake haƙowa a ƙona a busar da tsirarren sha'ir, ƙaurin ya kama shi. Mutanen tsibirin Islay na Sikotlan suna labta shi ba tausayi. Shi kuwa ɗan gayun Faransa ɗan kaɗan yake so, yadda zai ce shi ma gwani ne ba tare da ya yi tari a gaban mutane ba. A gida in tuwo ya yi ƙauri, amarya sai ta kwana tana ba da haƙuri. A can lambar zinare ake maƙala wa kwalba.

Daga nan sai a ɗiga ruwa da ɗan tsinken gilashi, wai don ƙamshin ya buɗe. A kurɓa, a kurkure baki, wasu ma su tofar a bokiti, a zaro biro a ba da maki 86 cikin 100. In ka tambayi inda 14 suka maƙale, za a kalle ka a ce ai kai baƙauye ne.

Abin lura dai, kofi na farko ne ke shan wannan dogon sharhi. Daga na biyar, kowace kwalba gwana ce.