Kumurcin Haya

Da kakar bara, mun kwaso gyaɗa daga gona ta wajen Digil mun jibge harawar a bayan ɗaki. Da la'asar sai ga uwargida a guje, ɗankwali a hannu: "Maigida, abin ƙasa a cikin harawa!"

Da yake ilimin halittu nake koyarwa a sakandare, duk layinmu na Wuro Gude kallon masani ake mini. Na ɗauki taɓarya na tunkari wurin. Ina jin wani ƙaras-ƙaras daga cikin ganye, sai na ga ashe aikin zai fi tafiya daidai idan ina ba da umarni daga kan katanga.

Kafin ka ce kwabo gida ya cika da malaman macizai. Mai shayi ya rantse mesa ce ta hauro daga kogin Yedzaram. Mai walda ya ce kumurci ne mai tofi a ido, ya ƙwama baƙin gilashin aikinsa, ya yi karo da turmi. Wani da ya daɗe yana cika mana baki cewa ya sha maganin maciji a duwatsun Mandara, shi ya ɗauki nauyin gadin ƙofar zaure, ta waje.

Tsohuwar maƙwabciyarmu ce kaɗai ta tambayi wadda ta gani da idonta. Uwargida ta ce: "Inna, gajere ne, da ƙyar ya wuce kamu guda, kalar ƙasa da ɗigo-ɗigon fari, ya naɗe yana goga jikinsa."

"Kububuwa ce, 'yar nan, gobe da nisa," in ji Inna. "Kasa ƙatuwa ce, kwanciya take tana huci. Kumurci miƙewa yake ya fasa kai. Wannan kuwa in ta sari mutum jininsa ba ya daskarewa, har ta dasashi yake fita. Ba tsaga, ba tsotsa, ba ɗaurewa, sai asibiti. Ɗan ƙanena sai da aka kai shi Kaltungo can Gombe aka yi masa allurar dafi."

Wa zai saurari tsohuwa alhali an riga an aika a kira gardi? Ya iso da buhu a kafaɗa, ya ce naira dubu biyar, kuma kowa ya juya baya don kada asiri ya karye. Muka juya. Ya yi surkulle, ya yi kirari, ya fito da baƙin kumurci zanƙalele. Aka ɗauki tafi, ni kuma na sauko na biya har da tukuici.

Yana hawa acaɓa autana ya ja mini riga: "Baba, wannan mai guntun wutsiyar ai shi aka ciro a gidan mai faci makon jiya." Uwargida ta ɗora: "Ni dai nawa ba baƙi ba ne."

Na koma kan katanga.

Washegari jikokin Inna suka sa takalman roba, suka ɗaga harawar da dogayen sanduna, sai ga kububuwar yadda aka siffanta ta, ta ƙoshi da ɓeraye. Suka share wurin, suka mayar da harawar kan rumfa nesa da ɗaki, ladansu kwanon gyaɗa.

Gardin kuwa, na ji an ce shekaranjiya ya ceci wani gida a Lokuwa daga sharrin baƙin kumurci mai guntun wutsiya. Kuɗin ma ya tashi, yanzu dubu bakwai ne.