Neman Doki da Zango Tsakanin Anka da Gummi

Da farko dai, ɗan'uwa, sauke tantin nan da ka sayo a Kano. Na san ka ga Turawa a waya sun kafa shi a gindin dutse, doki na kiwo a gefe, shayi na tafasa, ka ce kai ma bazarar bana sai ka yi. Su tasu bazarar furanni take fitarwa. Tamu kuwa, daga Maris zuwa Mayu, zafi kan haura digiri 40, tantin leda da azahar tanda ne, kai ne wainar.

Ka taso daga Gusau da hantsi. In ka iso mararrabar Mayanci sai ka saki titin Sakkwato ka karya hagu zuwa Anka, daga nan hanya ta ratsa ƙasar Bukkuyum ta kai ka Ɗaki Takwas, sannan Gummi. Amma kafin ka murza makulli, ka shiga tasha ka gaida direbobi. Taswirar waya ta san tsawon hanya, ba ta san abin da ya kwana a kanta ba. Direban da ya taso daga Gummi yau da safe ya fi intanet labari, in ya ce a dakata, ka nemi benci ka sayi rake.

A nan zan ɗan ajiye wasa. Dazuzzukan da fatake suka riƙa yada zango a cikinsu da jakuna da raƙuma, yau 'yan bindiga ne ke kai-kawo a ciki. A Janairun 2022 an afka wa ƙauyukan Anka da Bukkuyum, aka kashe mutane masu yawa, dubbai suka bar gidajensu. Kada ka kwana a daji, kada magariba ta riske ka a kan titi. Zangonka cikin gari yake.

To, doki fa? Ba za ka ga allon da aka rubuta ana ba da haya ba. Doki a ƙasar nan a ƙofar fada yake da gidajen masu sarauta, kuma da gaisuwa ake samunsa. Anka ce mazaunin Sarkin Zamfara, a nan sarautar ta zauna bayan Gobirawa sun ci Birnin Zamfara a ƙarni na 18 ta yi ta ƙaura daga gari zuwa gari. Saboda haka ka tuɓe takalmi, ka durƙusa, ka ce "Ranka shi daɗe" yadda mutanen wurin ke faɗa. A Gummi ka ƙara ladabi a kan ladabi, domin Sarki Lawal Hassan Gummi babban alƙalin babbar kotun Abuja ne kafin ya hau gado a 2013, ba a kawo masa zance a karkace.

In an sa yaro ya raka ka barga, kada ka buɗe baki da "nawa ne?" Ka tsaya ka kalli mai kula da dawakin tukuna. Za ka tarar da shi tsugune a gindin turke, yana dama dusa da ruwan kanwa a tsohuwar tasa, doki na hura masa numfashi a ƙeya, shi kuwa yana yi masa magana ƙasa-ƙasa kamar mai lallashin jika. Ka ce, "Baba, sannu da aiki," ka yaba dokin, ka miƙa kuɗin harawa, domin da bazara harawa tsada take yi. Idonka zai faɗa kan akawal ɗin can mai tono ƙasa da kofato. Ɗauke idon. Ka roƙi tsohon kili wanda ya ga hawan salla goma, ya san inda zai kai ka ya kuma san hanyar dawowa ko kai ka manta.

Ta hagu ake hawa. Ka zura ƙafa a likkafa, ka dafa sirdi, ka yi bisimilla da ƙarfi, ba wanda zai yi maka dariya. Linzamin Hausa kaifi gare shi, da yatsu biyu ake jansa, ba birkin mota ba ne. Ƙaimi kuwa ka bar wa masu shi. Ka fita bayan sallar asuba ko bayan la'asar sakaliya, yaron gidan na gaba, ku gangara bakin gulbi inda masu lambu ke ban ruwa, ku tsaya iya inda ake jiyo kiran salla daga gari. In tafiyar ta faɗo kusa da salla, wadda a 'yan shekarun nan ƙaramarta ke zuwa a Maris ko Afrilu, dawaki na da aikin iyayen gidansu, sai ka haƙura da kallo, kallon ma ya isa guzuri.

Kada ka shayar da doki a kududdufin da ake wanke ƙasar zinariya, kada ka shimfiɗa tabarma inda ake niƙan dutse. A 2010 gubar dalma da ke cikin duwatsun nan ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyuka irin su Bagega, Dareta da Abare a Anka, da 'Yargalma a Bukkuyum. Ƙurar ce ta bi iyaye har tsakar gida. In wani ya nuna maka dutse mai ƙyalli a ƙyalle, ka yi godiya ka wuce.

Wurin kwana kuwa, mai unguwa ka nema. Zai ba ka zaure, in zafi ya matsa a fito maka da tabarma waje, ka ɗaura gidan sauro. Taurarin da ka sayi tanti dominsu ga su nan birjik a samanka. Kwanon tuwo zai zo daga gida uku, ƙwaryar hura ta biyo baya, kuma dole ka taɓa kowanne, in ba haka ba gobe a aiko a ji ko baƙo ba shi da lafiya.

Da safe cinyoyinka za su ƙi haɗuwa, ka yi tafiyar agwagwa zuwa masallaci. Ka koma barga ka sallami Baba, ka shafa wuyan kili, ka ba maigida goro. Tantin kuma ka kafa wa yaran gidan a inuwar darbejiya, kafin ka kai bakin titi sun naɗa sarki a ciki har da dogarai.