Mai Kwana Uku Ya Fi Kowa Labarin Ikko

Akwai wata ƙa'ida da ke aiki a Zangon Agege tun zamanin da goro ke hawa jirgin ƙasa zuwa Arewa, bayan layin dogo ya isa Kano a 1911: gwargwadon gajartar zaman mutum a Ikko, gwargwadon tsawon labarin da zai bayar a kanta. Babban shaida shi ne ɗan kwana uku. Ya rako shanu a bayan tirela zuwa mayankar Oko-Oba, ya kwana kan benci, ya ci burodin Agege da shayi, ya ɗaga kai ya kalli gadar Pen Cinema da aka buɗe a 2021. Shi ke nan, ya sauke karatu. In ya koma gida, majalisa ba ta da sauran sukuni. Zai siffanta tekun da bai je bakinsa ba, ya rantse cewa gadar Third Mainland sai an yi guzuri kafin a ƙetare ta, alhali tsawonta bai cika kilomita 12 ba. Gaisuwar Yarabanci ɗaya ya koyo, ta safe, kuma da ita yake gaida mutane har bayan isha'i.

Yayansa a wannan fage shi ne Alhajin Singafo. Sau ɗaya ya je sarin kaya can, tun daga nan komai na Agege sai an ɗora shi a sikelin Singafo. Yaro ya yar da ledar ruwa a kwata, Alhaji ya kaɗa kai: “Kai yaro, da a Singafo ne, da tuni an ci ubanka tara.” Yana faɗa yana furzar da tukar goro a gefen titi. Ba ƙarya yake yi ba. Tsibirin nan da ya rabu da Malesiya a 1965 ya zama ƙasa mai cin gashin kanta a ƙarƙashin Lee Kuan Yew, har cingam ya hana sayarwa a 1992, kuma da Alhaji ya daɗe can da shi za a fara. Abin da ba ya kawowa shi ne mutanen ƙasar duka wajen miliyan 6 ne, adadin da Ikko ta ninka tuntuni. Bai kuma lura ba cewa Singafon ta riga ta biyo shi har teburin mai shayi: kamfanin Tolaram, mai hannu a Indomie ɗin da ake soya masa da ƙwai da kuma tashar jiragen ruwa ta Lekki da aka ƙaddamar a 2023, hedikwatarsa a can take.

Sai a juyo ga wanda ya zo cin rani tun Ikko tana babban birnin tarayya, wato kafin a koma Abuja a 1991. Da gadi ya fara, ya koma sayar da goro, yau yana canji. Ya yi aure, ya aurar, jikoki na hawa masa wuya, amma har gobe bai sayi gadon kirki ba, domin “ba zama muka zo yi ba, bayan Sallah za mu koma.” Ba ya faɗin wace Sallar. Ya gina gida a garinsu, wani ƙanensa na ɗaure awaki a ciki. Tambaye shi yaya Ikko, amsarsa ba ta wuce “Alhamdu lillahi, ana lallaɓawa.” Amma shi ya san lungun da ruwa ke cinyewa a watan Yuni, da sa'ar da in ka fita Oshodi za ka kai, da ɗan tashan da ake ce wa ranka ya daɗe da wanda ake wucewa ba a kalla ba. Kusa da shi akwai mai masauki, wanda baƙin fatake ke sauka wurinsa ya haɗa su da mai saye. Shi kam shirun ne jarinsa: ranar da ya fara ba da labari, ranar la'adarsa ta ƙare.

Haifaffen Agege shi ne ya tabbatar da ƙa'idar daga ɗaya ɓangaren. Kakansa fataucin goro ya kawo shi, shi kuwa da Hausa da Yarabanci da buroka ya buɗi baki. A Ikko Aboki ne, a Kano ɗan Legas. Ba ya ba da labarin Ikko sam, don ba ya ganin akwai abin faɗa. Amma bari a kai shi Arewa bikin dangi na mako guda. Zai dawo Zango ya shekara yana bayanin sanyin hunturu da faɗin titunan Kano, har da yadda ake hawan daushe, alhali bikin ba a lokacin Sallah aka yi shi ba.

Mai gardama zai ce baƙo na ganin abin da ɗan gari ya daina gani, kuma da gaskiyarsa. Kwatar da ta dami Alhajin Singafo a toshe take, sabo ne ya rufe wa mazauna ido. Sai dai ganin abu daban, sanin yadda za a yi da shi daban. Da gwamnatin jihar ta hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida a Yunin 2022, ɗan kwana uku ya kai labari Arewa cewa an kori Hausawa daga Ikko kaf. Mazaunin Zango bai ce uffan ba, domin ya san Ikeja na cikin jerin, Agege ba ta ciki, ya kuma san daidai mahaɗar da ɗan acaɓa zai ja birki ya ce wa fasinja, “Maigida, nan iyakata.” Wani kuma zai ce shirun tsofaffin nan tsoro ne ko gajiya, ba sani ba. Akwai ƙamshin gaskiya a nan ma. Wanda ya ga rikicin Idi-Araba a 2002 da na Mile 12 a 2016 ya san abin da magana ɗaya marar linzami ke iya jawowa unguwa. Amma wannan tsoron a Ikko aka koye shi, kuma ba a koyonsa a kwana uku.

Yanzu ma an samu sabon iri tun da jirgin ƙasan Red Line ya fara ɗaukar fasinja a 2024. Wanda ya hau sau ɗaya daga Agege zuwa Oyingbo ya zama injiniyan layin dogo, yana bayanin birki da sigina. Alhajin Singafo bai hau ba tukuna, amma ya riga ya yanke hukunci cewa nasu na can ya fi sanyin iyakwandishan.