Mutanen da Suka Rene Mu a Kuchigoro

Bayan Yaƙin Basasa ya ƙare a 1970, Najeriya ta shiga neman babban birnin da babu ƙabilar da za ta bugi ƙirji ta ce nata ne. A watan Fabrairun 1976 gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta kafa dokar ƙirƙirar Abuja, a Disamban 1991 kuma Janar Babangida ya tattaro kujerar mulki daga Legas. Manya suka sauka a Maitama da Asokoro. Direbobinsu da masinjoji da ƙananan akawu kuwa, da suka ji kuɗin hayar cikin birni, sai suka yi ribas har Kuchigoro, tsohon ƙauyen Gbagyi da ke gefen titin filin jirgin sama, dab da Ƙofar Birni. A nan muka tashi, a gidajen haya masu ɗaki na kallon ɗaki. Ga mutanen da suka rene mu, ko iyayenmu sun roƙe su ko ba su roƙe su ba.

Baba Mai Gona. Dattijon Gbagyi ne, ɗan ƙasa, ya riga kwalta zuwa. Duk ginin da ka nuna masa sai ya gaya maka abin da ake nomawa a wurin. Ka ce, "Baba, ka ga babban filin wasa?" Ya ce, "Ɗana, nan doya ce." Ka nuna masa gada, ya ce a nan kakansa ke ɗana wa gafiya tarko. Shi ne mai gidan hayarmu. Ranar da aka je masa da ƙorafin yoyon kwano, Hausarsa takan gudu, sai Gbagyi zalla. Ranar karɓar haya kuwa, Hausa rangaɗaɗau, har da karin magana.

Oga Legas. Da canjin wurin aiki aka kawo shi, kuma bai taɓa yafewa ba. A wurinsa ruwan saman Legas ya fi jiƙa mutum, burodin Agege ya fi ƙosarwa, hatta sauron Legas ya fi namu tarbiyya. In aka tambaye shi a Sakatariya inda yake zaune, sai ya gyara wuyan riga ya ce, "Wajen titin filin jirgi." Sunan Kuchigoro ba ya fita bakinsa. Da damina yakan ɗaure takalmansa da baƙar leda har ya isa bakin kwalta, sannan ya kwance, ya waiga hagu da dama, ya koma babban ma'aikaci. Kowace shekara yana cewa baɗi zai koma. A ɗakin ya yi ritaya.

Mai Labarin Rusau. Tauraronsa ya haska ne a zamanin da Malam Nasir El-Rufai ke ministan Abuja, daga 2003 zuwa 2007. Ba a iya ƙaryata shi, domin rusau gaskiya ne, ya raba dubban iyalai da matsuguni a gefen birni, kuma jan fenti a jikin bango ya isa ya hana magidanci barci. Sai dai nasa labarin kullum ɗaya ne: "Ranar Litinin katafila za ta shigo, daga majiya mai tushe na ji." Majiyar kuwa ƙanin matar direban wani darakta ne. Mata su kwana ɗaure tukwane, mu yara mu kwana murnar ba makaranta. Litinin ta zo ta wuce, ya ce an ɗaga ne saboda minista ya yi tafiya. A tsakiyar wannan fargaba ya sayi bulon wani da ya tsorata ya tashi, ya ƙara ɗaki biyu ya zuba 'yan haya.

Alhaji Kwangila. Babbar riga ɗaya gare shi, amma ba ta rabuwa da sitaci, ga fayil a hammata. Kullum kuɗinsa sun fito, sa hannu ɗaya ya rage. Babu yaron layinmu da bai yi wa alkawarin keke ba. Mai shayi ya cika littafin bashi saboda shi, ya buɗe sabo. Da wayar salula ta shigo a 2001, yana cikin na farko da suka rataya ta a ƙugu, sai dai ba ta taɓa ganin kati mai kauri ba. Shi ya koya wa unguwa filashin. In an kira shi kuwa, sai ya fito tsakiyar layi yana ambaton miliyoyi, hannunsa ɗaya riƙe da gyaɗar da bai biya ba.

Mai Janareto. A Oktoban 2003 Abuja ta karɓi wasannin Afirka a sabon filin wasa na ƙasa. Hasken fitilunsa muna hangowa daga unguwa, amma wasan a talabijin ta tagar wannan bawan Allah muke kallo. Kafin ka sami gurbi sai ka share masa tsakar gida, ka wanke ƙafa, ka yi alkawarin ba za ka yi ihu ba. In aka zura wa Najeriya ƙwallo sai ya kashe inji, wai mai ya yi tsada. Mulkinsa kamar na sarkin wasan tashe yake: da an ji yara sun kwashe da "An kawo wuta!" sai fada ta watse, a bar shi da hayaƙinsa.

Ɗan Jiniya. Sa'anmu ne, kuma tun da duk wani babba ta gabanmu yake bi zuwa filin jirgi, ya mai da abin fanninsa. Daga ƙarar jiniya yake gane mai wucewa: "Wannan Obasanjo ne. Wannan gwamna ne, ba ka ji tasa a shaƙe take ba?" A wurinsa, kowane jirgi ya gifta, Makka za shi. A Disamban 2003, da Sarauniya Elizabeth ta Ingila ta zo taron ƙasashe renon Ingila, ya rantse shi ta ɗaga wa hannu. Yau tasi yake ja a titin nan, har yanzu fasinja ba ya sauka bai ji labarin ba.

Maman Layi. Ita ce hukumar unguwa. Bokitinta kan riga ta zuwa layin famfo tun kafin kiran assalatu. Tana ciniki da Hausa, tana gaisuwa da Gbagyi, tana faɗa da Yarbanci, tana gulma da buroka, kuma in mutanen Inugu suna sirri da harshensu sai ta sa baki. Ɗan kowa nata ne: ta ja maka kunne a waje, sannan ta raka ka gida a ƙara maka. Da Kirsimeti shinkafarta na shiga kowane ɗaki, da Babbar Sallah kuma ta san gidan da ya rage mata nama. Amma in naƙuda ta tashi da tsakar dare, ƙofarta ake bugawa kafin a nemo mota.

An yi saɓani, ba a musu, zo mu zauna ai zo mu saɓa ne. Sai dai Kuchigoro ba ta iya korar baƙo ba. Ko a 2014, da rikicin Boko Haram ya raba mutanen Gwoza da garinsu, a Sabuwar Kuchigoro da yawansu suka sami wurin kafa bukka.

Saboda haka, 'yan Kuchigoro da Allah ya ɗaga, ku da yanzu kuke wucewa da gilas a rufe: ku riƙa ratsewa. Ku gaida Maman Layi, ku haɗa kuɗi a ƙara famfo a unguwa, a gyara ajin da kuka zauna. Wanda kuma ya fi kowa hali ya daure ya biya wa Alhaji bashin shayi.